Maganar Tamaula Ta Ginshi Masu Kallo Tun Ba A Buga Ba

Ran Laraba 7 ga Fabrairu 2024 'yan wasan tamaula na Nijeriya suka fid da na Afirka ta Kudu a garin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa, suka sami shiga wasan ƙarshe na cin kofin Afirka. Aka ajiye wasan sai ran Lahadi 11 ga wata, watau farkon Sha'aban na 1445, da ƙarfe tara na dare a agogon Nijeriya. Abokan karonsu kuwa su ne masu masaukin, 'yan Kwaddibuwa. Tsakanin wasannin nan biyu kwana 4 ne cur. Mai lissafi ya buga ya gani: kwana 4 sa'a 96 ke nan, sa'a 96 kuwa minti 5,760. Shi wasan da ake jira minti 90 ne. Ashe lokacin magana ya ninka lokacin wasa sau 64, kuma ba a bar ko kaɗan daga cikinsa ya tafi a shiru ba.

A Gagarawa Tasha da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, kamar sauran garuruwan Arewa, masu son tamaula suna da yawa, kuma ba a raina su. Akwai ɗalibai, akwai 'yan kasuwar riɗi da zoɓo, akwai dattawan da ba su zuwa gidan kallo amma ba su rabuwa da akwatin rediyo. Murnar daren Laraba ta gaskiya ce, gama an sha wuya kafin mai tsaron gida Stanley Nwabali ya kaɗe bugu biyu. Amma murna dabam, maimaici dabam. Kadan mutum ya kunna rediyo da asuba, maganar ke nan. Ya murɗa wata tasha da hantsi, ita ce. Ya buɗe wayarsa, ga ta a Facebook, ga ta a WhatsApp, wani ya yanko muryar wani ya sake turowa. Ya zauna wurin mai shayi, yaro ya karanta masa abin da ya riga ya ji sau biyu. Kafin Asabar sai ka ga wanda ya fi kowa ɗoki yana cewa don Allah a buga a huta. Son wasan yana nan a ransa, zancen ne ya ginshe shi, kamar yadda zuma kan ginshi mai sha in an yi ta ɗura masa.

Abin da za a faɗa na gaskiya ba shi da yawa. An san Nijeriya ta ci kofin sau 3, a 1980 da 1994 da 2013. An san Victor Osimhen ne aka zaɓa gwarzon Afirka a watan Disamba na 2023. An san ƙasashen biyu sun riga sun gamu ran 18 ga Janairu, Nijeriya ta ci ɗaya ba ko ɗaya. An san Ikwatoriyal Gini ta zuba wa Kwaddibuwa huɗu, har suka sallami mai horar da su, Bafaranshe Jean-Louis Gasset, suka ɗora Emerse Faé a tsakiyar gasa. Duk wannan ba ya cin rabin sa'a. Sauran lokacin da me za a cika shi? Sai da tsammani, da kintace, da gardamar ko za a sa Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, wanda har aka tashi gasar bai shiga fili ba.

Dalilin wannan yawan magana ba ɓoyayye ba ne ga ɗan kasuwa. Wasan kansa haja ce mai tsada, sai gidan da ya biya kuɗi masu yawa ke da izinin nuna shi. Zance a kan wasa kuwa ba a sayensa wurin kowa. Mutum biyu da abin magana sun isa a cika sa'a guda, a tsakiya a sa talla, mai talla ya biya. A waya ma haka, wanda aka fi taɓa maganarsa shi ke samu, saboda haka kowa na ƙara gishiri don a tsaya kansa. Mai sauraro yana tsammani kyauta ake ba shi, alhali kuwa kunnensa ne ake sayarwa, har ya ƙara da kuɗin data daga aljihunsa. Cikin masu tallan nan akwai kamfanonin caca, waɗanda kintace shi ne jarinsu, don yaron da aka kwana huɗu ana gaya masa lalle ga wanda zai ci, shi ne mai saurin kai kuɗinsa. Ba banza ba Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa a cikin shekarar 2024.

Wannan ciwo ba a nan ya fara ba. A Amurka suna da wani wasa nasu na ƙwallo da ake runguma a yi gudu da ita, wasan ƙarshensa ana ce da shi Super Bowl. Su mako biyu suke bari ana zance kafin a buga, har 'yan kallonsu kan yi kukan gundura kowace shekara. Na 2024 ya faɗo ran 11 ga Fabrairun nan ɗaya, a birnin Las Begas, inda tallar rabin minti ta kai wajen dala miliyan 7. Wanda ya ji wannan farashi ya san abin da ya hana a yi shiru.

Dattawan Tasha sun ga wani zamani dabam. Tun da hanyar jirgi ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta kai Nguru a 1930, jirgin da ke kwasar gyaɗa shi ke kawo labari. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, sai ta kwana a hanya kafin ta iso, malami ɗaya ya karanta, mutum goma su saurara. Sa'ad da 'yan wasan Kano suka ci kofin Gwamna a 1953, suka doke Dynamos ta Ikko da ci biyu da ɗaya, mutumin ƙauye ba ya jin labari sai an riga an gama. Ko da BBC ta fara magana da Hausa a 1957, minti 15 ne shirin duka. Ba a cewa wancan zamani ya fi, gama wanda ya jira jarida kwana da kwanaki zai so a ce yana da rediyon yau. Sai dai a lokacin labari kan zo ya tarad da mai yunwarsa.

Kada kuma a ce Bahaushe bai san kururuwa kafin karo ba. Ya san ta sarai. A filin dambe, bayan kaka, ana kiɗa, ana kiranye, ɗan dambe ya fito ya ɗaga hannun da ya ɗaure da zare ya yi kirari har tsikar jiki ta tashi. Marigayi Ɗan Anace, Allah ya ji ƙansa, ya yi wa Shago waƙar da har yau ake saurare. Amma a duba bambancin. Mai kirari a fili yake yi, abokin karonsa na tsaye yana ji, kuma kafin a sha ruwa za a shiga turmi. In ya cika baki ya sha ƙasa, jama'ar da ta ji kirarin ita ce ta ga fāɗuwar, makaɗin ma ya san ranar kyauta ta yi ƙaranci. Maganar tana da jingina, jinginar kuwa jikin mai ita ne. Shi mai sharhin rediyo da na waya ba ya ajiye komai. In kintacensa ya ci, ya ce ai ya faɗa. In ya sāɓa, gobe ya dawo da bayanin dalilin da ya sa ya sāɓa, a sake sa talla a tsakiya. Dillalin da ya yabi saniya a kara, in ta fito da aibu, za a neme shi har gida. Wannan dillali ba wanda ya san ƙofar gidansa.

Ga mutanen ƙasar Gumel akwai wani abu da ya ƙara wa gajiyar nauyi. Washegarin wasan Buwake Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, alhali iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Ran 28 ga Janairu Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga ƙungiyar ECOWAS. Ran 5 ga Fabrairu mutanen Minna suka tare hanya saboda tsadar abinci. Falken da ke da dabbobi a Damagaram, da mai buhunan riɗi da ke duban yadda naira ke zubewa, labarin da suke kasa kunne su ji ke nan. Gaskiya ne gidajen rediyon Hausa ba su bar waɗannan ba, sun kawo su. Amma mai neman jin yaushe za a buɗe iyaka sai ya haƙura ya ratsa zancen ƙafar wane da cinyar wane kafin ya kai ga buƙatarsa. Sai ran 13 ga Maris gwamnatin Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa.

Da daren Lahadi ya yi, gidajen kallo suka cika, aka ta da janareta, waɗanda suka ce sun gaji su ne a bencin gaba. William Troost-Ekong ya ci wa Nijeriya da ka a minti na 38. Franck Kessié ya rama a na 62. A minti na 81 Sébastien Haller, wanda aka gano yana da ciwon daji a 2022 ya yi jinya ya warke, ya sa ƙafa ya tura ta raga. Aka tashi biyu da ɗaya, kofi ya zauna a Abijan. Da gari ya waye ran Litinin, masu sharhi suka koma kujerunsu, suka shiga bayanin abin da ya sa José Peseiro, mai horar da Nijeriya a lokacin, ya bar yaransa suka koma baya suna tsaron gida.