Furannin Gindin Badala

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi da sassafe a cikin marka, in ya duba inda ruwa ke kwanciya a gindin ragowar badala, zai ga wata ciyawa mai yaɗo, furenta ja-ja mai siffar bakin algaita. Ita ce duman rafi, wasu kuma su ce duman kada. Mun nuna wa ɗalibai masu koyon malanta ita, sai muka tarar kaɗan ne suka san sunanta, alhali kuwa sun haddace sunayen furannin Turai daga littafi.

To, furannin nan na littafi ma asalinsu ciyawar daji ne. A Amurka akwai dangin furanni da ake kira fuloks, watau harshen wuta da Girkanci. Da yawansu a duwatsu da dazuzzukan yammacin ƙasar suke fitowa. Cikin 1835 wani Bature, Thomas Drummond, ya aika da irin ɗaya daga cikinsu daga Texas zuwa Birtaniya. Aka shuka, aka yi ta zaɓen iri, har ya zama ƙawar lambuna. Kulawa ce kaɗai ta ɗaukaka shi.

Namu ba su rasa abin koyo ba. Duman rafi ɗan'uwan dankalin Hausa ne, wanda ya gwada furanninsu zai ga kamar, amma shi yana cutar da dabbar da ta ci shi. Tumfafiya tana tsayawa kore shar har cikin bazara, nononta kuwa haɗari ne ga ido. Bado na kududdufi ya ceci mutane a shekarun yunwa. Tun 1916 Likita Dalziel ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, daga bakin mutanenmu kuwa ya samo su.

Yanzu badala ta zaizaye, ana ta cike kududdufai ana gini. In tsiro ya ɓace, sunansa ba ya daɗewa.

Saboda haka muna roƙon malamai, kafin ruwa ya ɗauke, kowa ya fita da ajinsa. A tsinko fure, a danne shi tsakanin takardu ya bushe, a rubuta sunansa da inda aka same shi. Amfaninsa kuwa a tambayi tsofaffi da makiyaya tun suna nan. Allah Ya sa mu dace, amin.