Ƙyallen da Tela Ya Zubar, Bargon Hunturu Ne

Duk wanda ya bi ta rumfunan teloli a Tudun Wada ko Kawo a nan Kaduna da yamma, zai ga ana share guntayen atamfa da shadda ana kai su bola. Ga hunturu kuwa yana tafe, yara na kwana da tari, bargon kanti ya fi ƙarfin aljihun manomi.

Harhaɗa ƙyallaye a yi mayafi mai kauri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa a hawan Salla a Zariya, ai haka ake yinsa: zane sama, zane ƙasa, audugar rimi a tsakiya, a bi da allura a tsaga shi layi-layi. A dā don tare kibiya aka yi shi.

Ga yadda za ku fara. A wanke ƙyallayen tukuna, domin wanda zai zuba ya zuba tun yanzu. A yanka su daidai, inci huɗu kowane gefe, a haɗa su. A shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, wani tsohon a tsakiya, haɗaɗɗen a sama. Kada a sa audugar rimi, gama takan dunƙule wurin wanki. Sai a ɗinke ukun tare, kada tsakanin layi da layi ya wuce faɗin yatsu uku. Nan ne masu gaggawa suke ɓata aikinsu.

Mace ɗaya takan gaji ta ajiye. Amma in mata biyar suka zauna kewaye da bargo ɗaya bayan an gama sussuka, tsohuwa tana gyara wa yarinya riƙon allura, gwauruwa ta sami abokan hira, aiki na tafiya ba a sani ba.

A shekarar 1966, matan baƙaƙen manoma a Jihar Alabama ta Amurka sun kafa ƙungiyar gama kai ta irin wannan ɗinki, mai suna Freedom Quilting Bee. Suka riƙa sayar da barguna har birnin New York, a 1969 kuma suka fara gina ɗakin ɗinki nasu.

Mu dai kada mu fara da lissafin kasuwa. Bargon farko yakan fito a karkace, sai a bar wa yaran gida. A taron ƙungiyarku na gaba, ku zaɓi wadda za ta je ta yi magana da tela kafin ya share rumfa.