Yadda muka ceto kundin unguwa daga tsohuwar kwamfuta a Nima

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ƙungiyar matasanmu a nan Nima, cikin birnin Accra, ya san tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke kan teburin sakatare. Ta hannu muka saye ta, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma ta haura shekara goma tana yi mana aiki. A cikinta muke ajiye sunayen mambobi, da lissafin gudummawar rasuwa da ta aure, da sunayen marayun da muke biya wa kuɗin makaranta. Akwai kuma hotunan wasiƙun ajami da dattawanmu suka ba mu aro muka ɗauka, da muryoyin wasu tsofaffi suna ba da labarin yadda kakanninsu suka biyo hanyar fataucin goro har suka zauna a wannan ƙasa. Biyu daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

To, da farko nauyi ta fara yi. Sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Muka ce ai tsufa ne. Daga baya wasu fayiloli suka ƙi buɗuwa, sannan wata rana da dare, muna shirin taron wata, sakatare ya kara kunnensa a jikinta ya ji tana ƙas-ƙas-ƙas. Wani ƙanenmu da ke koyon gyaran kwamfuta a wajen Circle shi ne ya ce mana, “Yaya, ku kashe ta yanzu-yanzu, faifan ajiyarta ne ke shirin mutuwa.”

Ga bayanin da ya yi mana, wanda muke ganin ya kamata kowane mai irin wannan kwamfuta ya sani. Faifan ajiya irin na da, wanda masu gyara ke kira had-dis, faifai ne na gaske da ke juyawa a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, kuma akwai wani ɗan hannu mai kama da allura da ke shawagi a samansa yana karatu da rubutu. Faɗuwa, ko jijjiga, ko zafi, ko mutuwar kwamfuta farat ɗaya in an ɗauke wuta alhali batir ya lalace, duk suna iya yi masa illa. Tamu kuwa ta sha wahalar shekarun dumsor ba tare da batir na kirki ba. Da zarar ya fara wannan ƙara, duk kunnawar da aka yi tana iya zama ta ƙarshe.

A nan ne muka kusa tafka kuskure. Wasu daga cikinmu suka ce a goge komai a sake ɗora Windows, wani ya ce a sa manhajar gyaran faifai ta bi shi daga farko har ƙarshe, har da wanda ya ji an ce a sa shi a firiji. Ƙanen namu ya hana duka. Ya ce faifan da ke gargara ba a ɗora masa aiki mai nauyi, abin da ake yi shi ne a kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna. Ya cire batir da caja, ya kwance ƙusoshi biyu a ƙasan kwamfutar, ya zaro faifan, ya sa shi a ɗan gidansa mai wayar USB, ya haɗa da wata kwamfutar. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, ta nuna alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, wato wasu sassan faifan sun riga sun mutu. Muka fara da muryoyin dattawa, sai hotunan ajami, sai littafin kuɗi. Finafinai da waƙoƙin da wasu suka cika ta da su, waɗanda ba wanda ya yarda shi ya zuba, muka bar su a ƙarshe. Fayil huɗu na hotuna sun ƙi kwafuwa har yau.

Sai batun sabon faifai. Mun zaɓi SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, saboda haka jijjiga ba ta cika damunsa ba, ga shi kuma da sauri sosai. Amma kafin mutum ya saya, ya duba bakin tsohon faifansa. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2007 zuwa sama suna da faifai irin na inci biyu da rabi mai baki irin na SATA, kuma SSD na shiga daidai. Waɗanda suka girme su suna da baki irin na IDE mai ƙananan allurai 44, wanda samun sabonsa yana da wuya. Shawararmu ita ce ka ɗauki tsohon a aljihu ka tafi da shi kasuwa, kuma in faifan na hannu ne, a gwada lafiyarsa a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Da aka ɗaura sabon, sai wata matsalar ta taso. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma tsayar da tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin injuna irin namu. Bayan gardama mai tsawo muka ɗora Linux Mint. Sakatare ya yi kwana uku yana ƙunƙuni, yanzu ya saba.

Tsohon faifan kuwa ba mu sayar wa masu sayen ƙarafa ba, ko da yake an taya. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsohon faifai a kasuwa a nan Ghana, suka tarar da takardun kwangilar gwamnatin Amurka a ciki. An rushe filin bola na Agbogbloshie a 2021, amma cinikin tsofaffin kayan lantarki yana nan a wasu wuraren, kuma namu faifan yana ɗauke da sunayen zawarawa da marayun unguwa da abin da aka ba kowannensu. Yana kulle a durowar ma'aji, sai ranar da muka haƙura da hotunan nan huɗu za mu huda shi da ƙusa.

Yanzu kundin yana wuri uku: cikin kwamfutar, da wani faifan waje da ke gidan limaminmu, da ma'ajiyar intanet. An ɗora wa mataimakin sakatare nauyin sabunta kwafin duk Juma'ar ƙarshen wata. Muna kuma roƙon iyalan da suka ba mu aron wasiƙun ajami a wancan karon, musamman na layin bayan masallaci, su taimaka su sake kawo su ofis bayan sallar La'asar don mu ɗauki waɗanda suka ɓace.