Wadda ta tarbi masu rauni ma ta ga yaƙi

Idan hira ta biyo ta kan matan da suka yi aikin soja, ba a rasa mai cewa ai rakiya suka yi, yaƙi na wanda ya riƙe bindiga ne. Masu wannan magana suna da abin kamawa. A bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a Biyetnam akwai sunaye sama da 58,000, takwas kacal ne na mata. Maza aka riƙa ɗauka dole, su aka tura daji. Ba wanda zai ƙwace musu wannan.

Sai dai ƙidayar gawa ba ta faɗin wanda ya gani da idonsa. A nan ne wasan kwaikwayon Shirley Lauro, A Piece of My Heart, wanda aka fara nunawa a 1991, ya sa na rabu da masu wancan ra'ayi. Ta gina shi kan littafin Keith Walker, wanda ya tattara labarin mata 26 daga bakinsu, ta taƙaita su zuwa mata shida a dandali: nas uku, ma'aikaciyar Red Cross, mawaƙiya, da jami'ar tattara bayanan sirri.

Sojoji mata kusan 11,000 ne suka je Biyetnam, akasarinsu nas-nas, da yawa ba su daɗe da gama makaranta ba. Jirgi mai saukar ungulu yakan kwaso masu rauni daga fagen fama cikin ɗan lokaci, har waɗanda a yaƙe-yaƙen baya da tuni sun cika a hanya. Duk a hannun yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ake sauke su. Da ita ake tantance wanda za a shiga da shi tiyata da wanda za a kai bayan labule ya jira ajalinsa. Aikin awa goma sha biyu ne, kwana shida a mako, in ba a yi babban artabu ba. Sojan daji yana ganin faɗuwar abokan tafiyarsa. Ita kuwa na kowace runduna wurinta ake kawowa, shekara guda cur.

Asibitin ma bai tsira ba. A watan Yunin 1969 roka ta faɗa asibitin soja na Chu Lai, ta kashe Laftana Sharon Lane tana bakin aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin jami'ar sirrin, wadda aka ɗauko daga rayuwar Doris Allen, baƙar fata. Ta rubuta rahoton gargaɗi cewa babban hari na tafe, manya suka yi watsi da shi, sai ga harin Tet a ƙarshen Janairun 1968. Wannan kuma rakiyar wa ta yi?

Rabin wasan na biyu a gida yake faruwa: firgita cikin barci, shaye-shaye, da jama'ar da ba ta ɗauke su tsofaffin soja ba balle ta tambaye su abin da suka gani. An buɗe bangon tunawa a 1982. Mutum-mutumin matan kuwa sai da Diane Carlson Evans, wadda ta yi aikin nas a can, ta shafe kusan shekara goma tana fafutuka kafin a kafa shi a 1993.