Dambe da Kokawa a Ƙasar Rano

Ko da yake Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta gaji dambe da kokawa tun zamanin magabata, musamman da kaka idan hatsi ya shiga rumbu, saurayi mai himma daga Kibiya ta ƙasar Rano, in yana muradin shahara, ala tilas ya nufi birnin Kano, inda ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada suke karawa. Alhali kuwa bukatar ɗan dambe ba ta wuce zare da fili ba. Malami ne yake wuyar samu. Ga misali, a 2016 Alfaga na Nijar ya ciyo lambar azurfa ta takwando a gasar Olamfik, albarkacin horo bisa ƙa'ida. Lalle ya wajaba hukuma ta tura masu horarwa makarantun karkara.