Ɗigon ruwan da ke cikin duwatsun Malbaza da na'urar da ke iya karanta shi

Matafiyin da ya bar Birnin Ƙonni ya nufi gabas kan hanyar Maraɗi ba zai rasa ganin masana'antar siminti ta Malbaza ba, wadda tarihinta ya faro tun shekarun 1960. Farar ƙasar da ake haƙowa a yankin ita ce ƙashin bayan aikin. Sai dai siminti ba ya kammala sai an niƙa shi da ɗan jifsam, wani ma'adini mai sheƙi kamar gilashi da farce ke iya kartawa. Shi ne ke hana kwaɓin siminti daskarewa nan take a hannun magini.

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa wani teku marar zurfi ya taɓa ratsa Sahara, ya rufe wannan yanki fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Shi ya bar farar ƙasar Malbaza, da kuma ta Kalambaina a Sakkwato, inda nan ma ake yin siminti.

Asalin jifsam ya fi sarƙaƙiya. Yana iya samuwa idan ruwan teku ya ƙafe, yana kuma iya tsirowa daga baya cikin laka, ta hanyar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Bambancin yana da muhimmanci ga mai neman ma'adini: na farko kan kwanta shimfiɗa guda mai faɗi, na biyu kuwa a warwatse yake, sai an bi ana tsinta.

Wani ɓangare na amsar na cikin dutsen. Yayin da ma'adini ke girma, yakan rufe ɗigon ruwan da ya tsiro a ciki, ɗigon da sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba. A cikinsa akan ga kumfar iska, wani lokaci har da ƙwayoyin wasu ma'adinai. Henry Clifton Sorby, ɗan Ingila, ya yi bayanin irin waɗannan ɗigo tun 1858. Matsalar ita ce, da zarar an fasa dutsen, ruwan ya tafi.

A nan na'urar Raman ke shigowa. Sunan na C. V. Raman ne, masanin Indiya da ya gano a 1928 cewa idan haske ya faɗa kan abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan dawo da launi da ya sauya, gwargwadon abin da ya taɓa. Binciken ya ba shi kyautar Nobel a 1930. A yau ana saita hasken lesa ta madubin ƙara girma, ya ratsa dutsen har cikin ɗigon, na'ura ta auna abin da ya dawo. Kowane ma'adini da lambarsa: jifsam na bayyana wajen 1008 a ma'aunin, ɗan'uwansa anhaidarait, wanda ba ruwa a jikinsa, wajen 1017, kalsait na farar ƙasa kuma 1086. Haka take gane iskar kabon dayoksaid da mitan cikin kumfar.

Tana da iyaka. Gishirin miya kusan ba ya ba ta wata alama, don haka sai a haɗa da daskarar da ɗigon a ga ma'aunin sanyin da ƙanƙararsa ke narkewa, daga nan a lissafa yawan gishirin.

Motar binciken Perseverance da Amurka ta sauke a duniyar Mas a 2021 tana ɗauke da na'urorin Raman. A Nijar kuwa, duwatsun yuraniyom na Arlit ne suka fi jan hankalin masu irin wannan bincike mai zurfi. A ganinmu jifsam ɗin jihar Tawa ma ya cancanci a duba shi, ganin yadda ƙasar ke son rage shigo da siminti daga waje. Ɗan gutsure da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ya isa ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya fara aikin.