Ciwon da ke ƙarƙashin kwalbar kodin

Idan aka ga yaro ɗan shekara 15 a bayan kango riƙe da robar lemo da aka tsiyaya wa kodin, ido ya kaɗa ya yi jajir, harshe ya karye, hukuncin unguwa ɗaya ne: ɗan ƙwaya ne, ya lalace. Da wuya a samu mai tambayar abin da ya same shi kafin ya fara. Alhali ga da yawa daga cikinsu, kafin maye akwai duka, ko fyaɗe, ko wulaƙancin da aka shafe shekaru ana yi musu a cikin gida.

A 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun wallafa binciken da suka yi a kan dubban manya a San Diego, inda aka tambaye su yadda ƙuruciyarsu ta kasance. Waɗanda suka sha nau'i huɗu ko fiye na azabar ƙuruciya sun ninka waɗanda ba su sha ko ɗaya ba kusan sau bakwai wajen zama mashayan giya, sau goma kuma wajen yi wa kai allurar ƙwaya. A Najeriya kuwa, binciken 2014 na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF ya nuna yara shida cikin goma sun gamu da cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu an yi lalata da ita ko an yi yunƙurin hakan. Yaron da ya tashi a haka kullum zuciyarsa a ɗar-ɗar take. Ƙarar buɗe ƙofa kaɗai tana firgita shi, barci ba ya zuwa, ga kunyar da ta hana shi buɗe baki. Ranar da aboki ya miƙa masa tiramol ko roci, sai ya samu 'yan sa'o'in da babu fargaba a cikinsu. Wannan sauƙin yake komawa nema.

Wani zai ce ai wannan wanke mai laifi ne, tunda akwai waɗanda aka zalunta ba su taɓa sha ba, akwai kuma 'yan gata da suka afka. Haka ne, kuma abokai da zaman banza suna da nasu kason. Amma sanin musabbabin ciwo shi ke nuna maganin da zai yi aiki, kuma a nan ne muke tafka kuskure. Mun hana kodin a 2018, yaron ya koma sholisho da wiwi, domin abin da yake gudu yana nan daram. Mafi muni, sai mu kai shi gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Yaron da duka ya jefa cikin maye, ta yaya ƙarin duka zai fitar da shi? Abin da yake buƙata tun farko shi ne a raba shi da mai cutar da shi, ya samu babba guda ɗaya da zai yarda da maganarsa, sannan a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa inda za a duba shan da firgicin a tare.